Duban Tafin Hannu: Sanin Hali Ko Kutse Cikin Gaibu?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Masanin gaibu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).



A ƙasashen Turai akwai wata al'umma da ake kira Roma, waɗanda kakanninsu suka baro arewacin Indiya kimanin shekara 1000 da suka wuce. Sun sha wulaƙanci ƙwarai. A yankin da ake kira Romaniya yanzu an bautar da su har zuwa 1856, gwamnatin Hitila kuma ta hallaka ɗaruruwan dubbansu. Da aka toshe musu hanyoyin neman abinci, sai wasu matansu suka riƙi duban tafin hannu sana'a. Kada dai mu yi musu kuɗin goro: mafi yawansu ba ruwansu da duba, kuma a Turkiyya da Bulgeriya da yawansu Musulmi ne.

Mai duban takan kama hannunki ta nuna zane uku: na zuciya, na tunani, da na rayuwa. Ta ce daga nan take gane halinki, da zaman aurenki, da tsawon ranki. Alhali likitoci sun bayyana cewa zanen nan tun jariri yana ciki yake fitowa, wajen wata na uku, kuma amfaninsa shi ne fata ta lanƙwasu idan an damƙi abu.

To me take karantawa? Ke kanki. Tana duban kaushin hannunki, da suturarki, da yadda fuskarki ta canza da aka ambaci miji ko haihuwa. Ta jefa maganar da ta dace da kowace mace, ke kuma ki ƙarasa mata sauran. Haka bokaye da masu bugun ƙasa suke yi a nan gida, a ce wa mace kishiyarta ko uwar mijinta ce ta yi mata asiri. Gida nawa ya watse a kan irin wannan zance?

Allah ya bayyana a Suratun Namli, aya ta 65, cewa babu wanda ya san gaibu sai Shi. Imam Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Tambaya kawai fa! Ina ga wadda ta gaskata?

Sanin halin mutum kuwa Musulunci bai hana ba. Hanyarsa ita ce zama tare, da saurare, da lura. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ki san lokacin da maigida ya gaji, da abin da ke faranta masa. Idan damuwa ta dame ki, ga istihara, ga addu'a, ga shawarar malamai na gari.

Allah ya tsare mana imaninmu da gidajenmu. Wassalamu alaikum.