Fuskar Wani a Littafinka: Kyauta Ce ko Amana?

Idan mutum ya tsaya ka ɗauke shi hoto, me ya ba ka? Kyauta ya yi maka da fuskarsa ka yi yadda ka ga dama da ita, ko ajiya ya ba ka? Tambayar ba ta da nauyi muddin hoton yana kwance cikin waya. Ranar da aka ce za a kai shi maɗaba'a a buga shi cikin littafi, ranar take zama babbar magana.

Mu ƙaddara ɗalibi ne mai koyon ɗaukar hoto a Khartum, aka ba shi aikin kammala karatu: ya haɗa littafin hotuna, ya buga, ya kawo a ba shi maki. Sai ya zaɓi Jabal Auliya, garin da ke bakin kogin Farin Nilu, kilomita arba'in da 'yan kai kudu da birnin. Ba za a ga laifinsa ba, don wurin yana da abin kallo. Akwai madatsar ruwan da aka gina tsakanin 1933 da 1937 domin tara wa Masar ruwa, wadda aka miƙa wa Sudan a 1977. Akwai kwale-kwale da taru, da masu suyar kifi waɗanda mutanen Khartum da Umdurman suka saba zuwa wurinsu ranar hutu. A cikin masunta na wannan kogi akwai Hausawa.

Ɗalibin zai gaishe da wani dattijo yana gyaran taru, ya ce, “Baba, in ɗauke ka hoto?” Dattijo zai yi murmushi ya ce, “Ɗauka mana, ɗana.” A zuciyar ɗalibi magana ta ƙare, ya sami izini. To amma izinin me? Dattijon ya yarda da abin da ya gani ne: yaro mai ladabi, da kyamara, da ɗan lokaci kaɗan. Bai ga abin da zai biyo baya ba. Ɗalibi zai koma ɗaki da hotuna ɗari biyar ya zaɓi arba'in. Zai yanke gefen hoto, ya rage haske, ya mai da mai launi baƙi da fari don ya fi taɓa zuciya. Zai jera su, ya sa hoton dattijon daura da na yaro marar takalmi, sai shafukan biyu su faɗi abin da babu ɗayansu da ya faɗa shi kaɗai. Sannan ya rubuta layi ɗaya a ƙasa. Duk wannan hukunci ne ake yankewa a kan mutum ba ya nan.

Mu ma'aikatan rediyo mun san wani abu game da wannan. Kafin mu naɗi muryar mutum mukan tambaye shi ko a faɗi sunansa, wani lokaci ma mu sauya muryar don kada a gane shi. Kuma murya iska ce, ta wuce ta wuce. Duk da haka Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. To ina ga fuska, wadda aka buga a takarda mai sheƙi, aka ɗinke, aka yi mata bango? Hoton Facebook ana iya goge shi. Kwafi talatin da suka fita daga maɗaba'a, ɗaya yana laburare, ɗaya yana ofishin malami, ɗaya wani ya tafi da shi Alƙahira, ba mai iya kiransu su dawo.

Layin nan na ƙasan hoto ya fi kowane abu buƙatar tsoron Allah, musamman idan Bahaushen Sudan ne a hoton. Hausawa da Fulani sun daɗe a ƙasar. Wasu hanyar aikin Hajji ce ta kawo kakanninsu. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Wasu noman auduga ne ya riƙe su a Jazira bayan an buɗe aikin a 1925. Amma har yau akwai masu yi musu kallon baƙi, kuma a watan Yulin 2022 rikicin mallakar ƙasa tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka fiye da ɗari. A irin wannan ƙasa, wanda ya rubuta “masunci ɗan Jabal Auliya” da wanda ya rubuta “baƙo daga Afirka ta Yamma” a ƙarƙashin hoto ɗaya ba abu ɗaya suka yi ba. Na biyun ya sa hannu a shari'ar da ba a kira shi ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa ya tambayi dattijon da wane suna yake so a kira shi?

Sai kuma batun maki. Gaskiya ɗaya ce, hoton wahala ya fi hoton wadata saurin jawo yabo. Sudan ta ga misalin da duniya ba ta manta ba. A watan Maris na 1993, a garin Ayod da ke kudancin ƙasar a lokacin, Kevin Carter ya ɗauki hoton wani ƙaramin yaro da yunwa ta durƙusar, ungulu tana tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga, hoton ya ci kyautar Pulitzer a 1994, a cikin shekarar kuma Carter ya kashe kansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shekara goma sha takwas duniya tana kiran yaron yarinya. Sai a 2011 wata jaridar Sifaniya ta gano mahaifinsa, aka ji cewa namiji ne, sunansa Kong Nyong, kuma ya tsira daga yunwar. Miliyoyin mutane sun san ƙasusuwan haƙarƙarinsa, ba su san sunansa ba. Ɗalibinmu ba Pulitzer yake nema ba, maki saba'in yake nema, amma jarabawar iri ɗaya ce: ya ɗauki dattijon ranar da ya kama kifi yana dariya, ko ranar da ya fito hannu rabbana?

Akwai kuma abin da ba mai iya hangowa, wato yadda zamani yake sauya ma'anar hoto. A watan Afrilun 2019 Lana Haroun ta ɗauki Alaa Salah tsaye a kan mota cikin farin mayafi tana jagorantar masu zanga-zanga a Khartum. Cikin 'yan kwanaki hoton ya karaɗe duniya, ita kuwa Alaa ta ce an yi mata barazanar kisa. Bayan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, dakarun RSF sun kama Jabal Auliya a watan Nuwamba na shekarar, gadar da ke kan madatsar ta lalace, sojoji ba su karɓe garin ba sai a watan Maris na 2025. A garin da ya sauya hannu sau biyu, hoton da ya nuna wane yana tsaye kusa da wane, a ƙofar gidan wane, ya tashi daga aikin makaranta ya koma shaida. Mai hoto yana iya kasancewa a wata ƙasa. Mai fuskar yana nan.

Wani zai ce, in haka ne a bar buga littafin mana, kowa ya huta. Ban yarda ba. Yaƙin nan ya nuna mana tsadar abin tunawa. An wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum, iyalai da yawa sun gudu sun bar hotunan iyayensu a gidajen da aka fasa. Ƙaramin littafin ɗalibi yana iya zama abu ɗaya tilo da zai nuna wa jikokin masuncin nan cewa kakansu ya zauna a wannan gaɓa, ya yi sana'a, yana da mutunci. Ga al'ummar da ake yi wa gorin asali, gani ya kori ji. Ƙin ɗaukar hotonsu ma wani nau'in shafe su ne.

Wani kuma zai ce neman izini a kowane mataki yana kashe gaskiyar hoto, kowa zai so a nuna shi cikin kayan sallah. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ɗan jaridar da ke bankaɗo ɓarnar mai mulki ba zai jira izininsa ba. Sai dai masunci ba mai mulki ba ne. Ƙarfi yana hannun mai kyamara, shi ya sa nauyi yake wuyansa.

Saboda haka nake ganin fuska amana ce, kuma sauke ta yana buƙatar zuwa uku. Zuwan farko na ɗaukar hoto ne, tare da bayani dalla-dalla: littafi za a yi, ga inda za a kai shi. Zuwa na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci. Kafin a biya mai maɗaba'a, ɗalibi ya ɗauki gwajin bugu ya koma bakin kogi, ya nuna wa dattijon shafinsa, ya karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa da harshen da yake ji. Zuwa na uku na kai masa kwafinsa ne.

Wannan yana da tsada. Akwai kuɗin mota, akwai ranar miƙa aiki da ke matsowa. Mafi ciwo, mai yiwuwa hoton da ya fi kowanne kyau, wanda aka shirya sa wa a bango, shi ne mai shi zai ce a cire, don yarinyar da ke ciki an kusa aurenta, ko don rigarsa a yage take a ranar. A nan ake gane ko ɗalibi ya ɗauki mutumin a matsayin mutum ko kayan aiki. Idan ya cire, littafinsa zai rage kyau, wataƙila makinsa ya ragu. Ina ganin ya cire.

Malamai ma suna da rabonsu. Wanda yake duba haske da tsari da ingancin takarda, ya riƙa tambaya: mutanen nan sun ga littafin? Kuma maganar ba ta tsaya a Sudan ba. Ɗalibin da ke ɗaukar almajirai a Kano, ko mata masu daka a Maraɗi, ko masu rini a Ƙofar Mata, tambayar tana jiransa. Kafin ya miƙa aikinsa ga maɗaba'a, ya tambayi kansa ko zai iya zama a tabarmar mutumin da ke shafi na goma, su buɗe littafin tare, ba tare da ya yi saurin juya shafin ba.