Tawakkali da Wuƙar Likita

Wani magidanci ya zo mini da tambaya. An ga ƙari a cikin kan matarsa, ganinta ya fara raguwa, likita ya ce a yi tiyata, dangi kuwa suka ce a bar wa Allah. Shin wane ne mai tawakkali a cikinsu?

Wannan ƙari likitoci suna kiransa maninjiyoma, sunan da wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya raɗa masa a 1922. Daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, sa'an nan ya riƙa danne ta sannu a hankali. Ya fi samun mata, kuma mafi yawansa ba ciwon daji ba ne. Yakan zo da ciwon kai, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko farfaɗiya. Mu kuwa da zarar babba ya fara faɗuwa sai mu ce iska ce, a yi ta hayaƙi, lokaci yana wucewa.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, likitoci su ma suna jira. Idan ƙarin ƙarami ne, bai hana mai shi komai ba, musamman ga tsoho, sau da yawa sukan bar shi, su riƙa ɗaukar hoton kai lokaci lokaci don su ga ko yana girma. Idan ya girma, ko ya danne jijiyar gani, sai a yi tiyata. Inda wuƙa ba za ta kai ba sai da ɓarna, akan gasa shi da haske mai ƙarfi ba tare da an buɗe kai ba.

Ashe ke nan jira iri biyu ne. Akwai na mai ido a buɗe, akwai na tsoro wanda aka sa wa rigar addini. Sayyadina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce. Haka kuma majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tafi a kan cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa gaɓa.

Ban raina tsoron dangi ba. Buɗe kai ba wasa ba ne, yana da hatsari, ga tsada, kuma ƙarin yakan dawo wani lokaci. Amma ni a ganina ido amana ne, kuma jijiyar gani idan ta mutu ba ta dawowa.

Wancan zama na Jidda ya kuma sharɗanta izinin majinyaci baligi mai hankali. Na tambayi mijin abin da ita matar ta ce. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ba a tambaye ta ba tukuna.