Kafin a Ɗauko Mari

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba mu aron hankali, yake kuma da ikon jarraba mu a cikinsa duk sa'ad da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan uwa, akwai wani zalunci da muke aikatawa a gidajenmu muna zaton taimako ne. Mutum ya birkice, ya kasa zama ya kasa tsayuwa, yana ta kai-komo tsakanin ɗaki da tsakar gida, yana murza hannu, yana yage riga, yana surutai marasa kan gado. An yi masa magana ya hayayyaƙo, an taɓa shi ya kai duka. Kafin ka ce kwabo an tara majiya ƙarfin unguwa, an danne shi an ɗaure, wani ma ya ɗauko dorina wai zai fitar da aljani. Duk taron nan ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke damun bawan Allahn nan.

Ku sani, birkicewa alama ce, kamar yadda zafin jiki yake alama, kuma abin da ke ƙarƙashinta yana da yawa. Wanda likitoci suka fi tsoro shi ne mutumin da jiya lafiyarsa lau, yau kuma bai san inda yake ba, bai gane 'ya'yansa ba, yana tsinto abubuwa a jikin bango. Sau da yawa irin wannan ciwonsa a jiki yake. Sanƙarau, da ke zagayo mu kowace bazara, yakan zo da zazzaɓi da ƙagewar wuya da gigita. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ƙwaƙwalwa haka yake yi. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba zai yi ta gumi yana karkarwa yana faɗa da kowa, alhali idan yana iya haɗiya, ruwan suga kofi ɗaya zai iya dawo da shi hayyacinsa kafin a isa asibiti. Ɗan acaɓan da ya faɗi ya bugu a ka shekaranjiya, ya tashi ya karkaɗe riga, yau ya fara fizge-fizge, wataƙila jini ne ke taruwa a cikin kansa. Dattijon da fitsari ya riƙe ba zai iya faɗa wa 'ya'yansa ba, sai dai a ga yana tuɓe tufa yana neman fita. Duk waɗannan, daren da aka ɓata ana turara musu hayaƙi yana iya zama daren da ya rage a cece su. Ranar da za a tsaya gaban Allah, wa zai amsa laifin wannan jinkiri?

Ina jawo hankalin iyaye mata musamman kan mai jego. A cikin kowace haihuwa 1,000 akan sami mace ɗaya ko biyu da hankalinta ke gushewa, galibi cikin mako biyun farko. Ba ta barci, tana ƙin jaririn ko tana zargin za a sace shi, tana kuka tana dariya. Nan da nan sai a ɗora wa kishiya ko uwar miji, a ce sammu ne, a raba zumuncin shekaru a kan zato. Wannan ciwo ne sananne, yana jin magani, kuma akasarin masu shi suna warkewa su ci gaba da rainon 'ya'yansu. Amma kafin a kai ta asibiti, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Ga kuma ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya ke ta'ammali da kayan maye. A shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma taramol da wiwi da sholisho ba su bar lungunanmu ba. Shan su yana birkita mutum, yanke su farat ɗaya ma yana birkita wanda jikinsa ya saba. Uban da ya kulle ɗansa a ɗaki don ya daina, niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai wasu ƙwayoyin idan aka yanke su ba kulawar likita har farfaɗiya suke jawowa.

Akwai wanda ciwon nasa na ƙwaƙwalwa ne tun asali: mai jin muryoyi suna yi masa barazana, ko wanda zai kwana biyar bai runtsa ba yana rabar da dukiyarsa. Akwai 'yan uwanmu da suka tsero daga hannun 'yan bindiga a Zamfara ko Katsina, ko daga rikicin Borno, waɗanda ƙarar babur kaɗai kan sa su zabura. Akwai tsohuwar da gigin tsufa ya kama, da magariba ta yi sai ta ɗaure kaya wai za ta gidan ubanta da ya rasu tun tuni. Mu tsoronsu muke ji, amma wallahi yawancinsu sun fi mu jin tsoro. Wanda ya gaskata an zo kashe shi, ya kuma ga ƙarti shida sun nufo shi da igiya, me kuke so ya yi?

Wani zai ce, to malam, aljanu fa? Aljanu gaskiya ne, mun yi imani da su, ruƙiya kuma sunna ce. Amma wa ya ba ka tabbacin cewa wannan na gabanka shafar aljani ce? Kuma bulalar nan a bayan wa take sauka, in ba a bayan ɗan uwanka Musulmi ba? Bukhari ya ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya da ta kawo kukanta wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya saurare ta, ya ba ta zaɓi, ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana. Mutuncinta ya kare. A hadisin Usama ɗan Sharik kuma ya umarci bayin Allah da neman magani. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe, mu kuma sai mu hukunta shi a kan zagin da Allah bai rubuta masa ba. Magabata sun fahimci wannan: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, ana ciyar da su ana yi musu magani daga waƙafi. Mu kuwa a watan Satumba na 2019 duniya ta ga mutane sama da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, da tabon duka a baya. Abin kunyarmu ne, domin da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, tana kare haƙƙin irin waɗannan bayin Allah, amma mai tsoron Allah ai bai kamata ya jira doka ba.

To idan abin ya faru a gidanka fa? Fara da korar 'yan kallo, a janye yara, a rage hayaniya. A kawar da wuƙa da taɓarya da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai. Mutum ɗaya ya yi magana, wanda ya fi yarda da shi, ya tsaya ɗan nesa, hannuwansa a buɗe, kada ya tare ƙofa. Kira shi da sunan da kake girmama shi da shi: “Yaya, ni ne, ba wanda zai taɓa ka. Me kake ji?” Kada ka yi musu da shi kan abin da yake gani, kada kuma ka ce kai ma ka gani. Ce masa ka ga yana cikin tsoro kuma kana tare da shi. Miƙa masa ruwa, ka zauna, ka roƙe shi ya zauna. Annabi ma zama ya umarci mai fushi da yi in yana tsaye. Kana yi kana lura: jikinsa da zafi? Ya bugu? Me ya sha, wane magani ya daina? In ya ambaci kashe kansa, ka ɗauki maganar da gaske, kada a bar shi shi kaɗai.

In har ya zama dole a riƙe shi don kada ya ji wa wani rauni, to a riƙe gaɓoɓi kawai, na ɗan lokaci, gwargwadon isa mota. Kada a kifa shi, kada a hau ƙirjinsa ko a shaƙe wuyansa, don mutane sun mutu a haka. Mai zazzaɓi ko rauni a kai shi asibiti mafi kusa. Na ƙwaƙwalwa kuma akwai Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ba a hana ka tofa masa su a bakin gadon asibiti ba.

Bayan ya samu sauƙi, kada a yar da magani don an ga ya fara zuwa masallaci. Da yawa daga nan ciwon ke dawowa. In kuma maganin ne ya sa ƙafafunsa suka kasa tsayawa wuri ɗaya, wanda yakan faru, likita za a koma wa ya gyara. Limamai da masu unguwanni, ku leƙa gidan da ke da irin wannan majinyaci. Za ku tarar da uwa ko mata da ta yi watanni ba ta yi cikakken barci ba. A karɓe ta ko na kwana ɗaya, a sa kuɗin maganin cikin abin da ake tarawa a masallaci, a kuma tsawata wa yaran da ke bin majinyacin da jifa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.