Ɗana Mai Zanen Kullum, Matso Kusa

Ɗana, na ji labarin kai ma ka ɗaura ɗamarar shiga sahun masu zanen kullum, waɗanda ake ba su kalma ɗaya kowace rana su mayar da ita hoto a waya ko kwamfuta, su ɗora a Facebook ko Instagram jama'a su gani. Madalla da wannan niyya. Yaron da ya zaɓi ya ba hannunsa aiki a lokacin da tsaransa ke kashe yini a majalisa ana musun ƙwallo, ba abin da ya dace da shi sai addu'a da ƙarfafa gwiwa. Amma tunda ka ɗauko hanya, bari in gaya maka inda ramukanta suke, don na ga waɗanda suka bi ta kafin ka, wasu sun fita da riba, wasu kuma sun fita da gajiya kawai.

Ka fara sanin asalin abin. Wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, shi ya fara abin da ake kira Inktober a shekarar 2009, kuma ba don kowa ya fara ba sai don kansa: ya ga hannunsa bai faɗa da tawada yadda yake so ba, sai ya ɗaukar wa kansa alkawarin zane ɗaya kullum har kwana 31 na watan Oktoba. Daga baya mutane suka bi shi, daga 2016 kuma aka fara fitar da jerin kalmomi, kowace rana da tata. Da alƙalami da takarda aka faro, yau kuwa da yawa a waya suke yi, da manhajoji irin su ibisPaint da Sketchbook, masu hali kuma su yi da Procreate a iPad. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba gasa ba ce. Babu alƙali, babu kofi, babu wanda zai biyo ka Daura ya duba ko ka yi. Mutum ne ya ga rauni a hannunsa ya nemi magani. In ka manta da wannan, to ka manta da dalilin da ya sa ka zauna.

Na san kuma an ba ka labarin Beeple, wani Ba'amurke da aka sayar da tarin zanensa na kullum a gidan gwanjon Christie's a watan Maris na 2021 kan dala miliyan 69. Labarin gaskiya ne. Sai dai masu ba da shi sukan tsallake rabinsa: tun ranar 1 ga Mayu, 2007 mutumin yake yin hoto ɗaya kowace rana, kwana 5,000, fiye da shekara 13, kuma hotunansa na farko ba abin da za ka tsaya kallo ba ne. Kuɗin nan sa'a ce ta wani lokaci da kasuwar ta haukace, ba kowa za ta faɗo wa ba. Shekarun su ne abin koyi.

Kai da ka tashi a ƙasar nan ba baƙon wannan tarbiyya ba ne, ko da ba ka lura ba. Ka tuna makarantar allo. Ka rubuta, ka biya, ka wanke, ka shanya allon, gobe ka sake jiƙa alƙalami a tawada. Ba wanda ya taɓa ajiye rubutun jiya don a yaba masa, amma a cikin wannan rubutu da wankewa ne hannu yake faɗawa, har wata rana ka ga alaramma ya zauna ya rubuta izu sittin da ka, ya ƙawata shi da zayyana, layi bai karkace ba. Zanen kullum haka yake. Hoton da ka ɗora yau gobe ya nutse ƙarƙashin dubban hotuna, ba mai komawa kansa. Abin da ke zama shi ne abin da ya shiga hannunka da idonka, kuma duk wata dabara da za ta ba ka hoto ba tare da ta bi ta hannun nan da idon nan ba, cutarka ta yi, ko da ta kawo maka laik dubu.

A nan ne nake jin tsoro a kanka, domin jarabar tana zuwa ne a ranar da ka gaji. Mako na farko da daɗi. Wajen mako na biyu sai ka wayi gari an aike ka gona, don Oktoba a wurinmu kaka ce, ga gero ana ɗaure dammuna, ga gyaɗa ana cira, ga wake na jiran tsinka; ka dawo da yamma jiki ya mutu, babu wuta, wayar tana wurin mai caji, ka karɓo ta bayan isha'i da kalmar ranar tana jiranka. A wannan daren ne zuciya za ta ce maka: ɗauko zanen wani daga intanet, sa shi a leyar ƙasa, rage masa haske, bi layinsa a leyar sama, goge na ƙasan, wa zai sani? Ko kuma ta ce ka rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira jimla ɗaya, kafin ka ƙifta ido ta miƙo maka hoto mai sheƙi, ka sa sunanka a gindinsa. Ɗana, kada ka yi. Ba don za a kama ka ba, ko da yake sau da yawa ana kamawa, tunda masu zane sun san hannun juna, manhajojin zane kuma suna iya naɗar yadda aka yi zane tun daga layin farko, ranar da aka ce nuna mana bidiyon sai ido ya raina fata. Dalilin da ya fi wannan nauyi shi ne, ranar da ka karɓi yabo a kan abin da ba kai ka yi ba, ka ɗora wa kanka bashi. Gobe dole ka kawo wanda ya kai shi kyau, hannunka kuwa bai kai can ba, sai ka sake komawa, har ka zama mai gadin wata ƙarya da kai ka gina ta, kana jin kunyar zanenka na gaskiya. Na ga yara masu baiwa sun daina zane gaba ɗaya ta wannan hanya, ba don an kore su ba, sai don sun kasa jure ganin ainihin inda hannunsu yake.

Kwaikwayo don koyo daban ne, kada ka ruɗe. Kowane gwani ya kwaikwayi na gabansa. Ka kwafi zanen wanda ya fi ka don ka gane yadda ya karya haske da inuwa, ka ajiye a wayarka, in kuma ka nuna, ka faɗi mai shi. In dare ya yi maka, zana ƙaramin abu na minti goma, buta ko takalmin da ke bakin ƙofa, ka ɗora shi da karkatarsa. In ma ranar ta wuce, ta wuce. Kada ka zauna kana biyan bashin zane huɗu a dare ɗaya har ka makara sallar asuba. Shi kansa Jake Parker da ya kafa abin ya ce wanda ba zai iya kullum ba ya yi bayan kwana bibbiyu ko sau ɗaya a mako.

Sai maganar abin da za ka zana, wadda ita ce ta fi damuna in na duba ayyukan yaranmu. Kalmar ranar daga waje take zuwa, shi ya sa da yawa suke ɗauka amsar ma daga waje za ta zo. Sai ka ga yaron da aka haifa a Zango ko Sandamu yana zana ƙanƙara tana zuba a kan wani gida mai bututun hayaƙi, ko 'yan mata masu manyan idanu irin na katun ɗin Japan, abin da bai taɓa gani ba sai a fuskar waya, kuma akwai mutum dubu a duniya da suka fi shi iya zana shi. Alhali a ce kalmar yau nauyi ce, ga amalanken shanu nan yana shigowa gari da dammunan gero, ga yadda bijimin ke sunkuyar da kai, ga yadda tayar ke nutsewa a rairayi. A ce zurfi ce, ga rijiyar Kusugu a tsakiyar garinku, wadda mutane ke tasowa daga nesa su leƙa, kai kuwa wataƙila rabonka da ita tun kana firamare. A ce taro ne, je ka kasuwar Mai'aduwa ka tsaya a kara, ka ga yadda dillali ke riƙe hannun mai saye, ka ga ƙahonin shanu sun cika fili. Ba wani mai zane a Turai ko Asiya da zai iya wannan, domin bai gani ba.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan wannan batu: a karɓi dabarar da Bature ya zo da ita, amma abin da za a zuba a ciki ya zama na gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na mutanensa Ibo, da shi duniya ta san shi. Kai naka gadon yana jikin rigar babanka. Ɗauko ta ka shimfiɗa, ka dubi aska takwas ɗin da ke ƙirjinta, yadda kowace aska ta fi 'yar'uwarta tsawo, yadda tambarin ya zagaye ya dawo. Wani ne ya fara zana wannan a kan yadi kafin allura ta bi. Ka dubi dagi a goshin soro, da ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi, da lallen hannun ƙanwarka.

Amma ka je ka duba da idonka, kada ka zana daga abin da kake zaton ka sani. Kowa a Daura yana ganin ya san doki, sai ya zo zana shi ya gane bai san inda gwiwar ƙafar baya take lanƙwasawa ba. Ranar hawan Sallah ko bikin Gani, maimakon ka ɗaga waya kana bidiyo kamar kowa, tsaya ka zuba ido a kan mahayi ɗaya. Dubi yadda likkafa ke ɗauke da tafin ƙafarsa, yadda linzami ke sa dokin ya tanƙwashe wuya yana tauna, inda jalala ta sauka a bayan sirdi, yadda rawani ya bi ta ƙarƙashin haɓa amawali ya rufe baki, da yadda babbar riga ke tattaruwa a kafaɗa in an naɗe hannunta. Ka koma gida ka zana, za ka ga ka manta rabi. Gobe ka nemi bargar wani mai doki ka yi sallama ka sake dubawa. Wannan zuwa da dawowa shi ne karatun. Waya tana da wani maɓalli na komawa baya da ke goge kuskure nan take, ni'ima ce, amma tana sa hannu ya zama matsoraci, ka ja layi ɗaya sau ashirin kana gogewa. Wani lokaci ka hana kanka taɓa shi, ko ka ɗauki biro da takarda, inda layin da ka ja ya jawu.

Akwai kuma hakkin mutane. Kada ka zana fuskar wani ka baza a duniya bai sani ba, balle matar aure ko 'yar mutane, kuma kada ka mayar da tsoho ko mai lalura abin dariya don a yi maka tafi. Garinmu ƙarami ne, kowa ɗan wani ne. Batun zana abu mai rai kuwa, malamai sun yi magana a kansa mai tsawo, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa bisa sharuɗɗa. Kada ka ɗauki hukuncinsa daga masu sharhi a ƙarƙashin hotonka. Je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaya, ka tsaya inda zuciyarka ta natsu. In ka zaɓi kaucewa, ba ka rasa abin zanawa ba: ganuwa da ƙofa, rumbu, kuka da gawo, sirdi ba doki, kayan maƙera, duk suna nan. Ke ma 'yata da ke karanta wannan, duk abin da na faɗa da ke nake, kuma ke kina da abin da 'yan'uwanki maza ba su da shi, don kin san cikin gida, kin san jeren ɗaki da madafa da zaman biki, wuraren da ba a cika zana su ba.

Laik kuwa, kada ka riƙa leƙa shi kowane minti. Zanen da ka sha wuya a kansa zai iya samun mutum bakwai, wanda ka yi da wasa ya sami ɗari, ba abin da wannan ke nunawa sai lokacin da mutane suka buɗe waya. In ka biye masa, shi zai riƙa zaɓa maka abin da za ka zana, ga kuɗin data yana tafiya.

Idan wata ya ƙare, tara zanen duka wuri ɗaya, ka adana kwafinsu a wani wurin da ba wayar ba, don waya tana faɗuwa, ana kuma sacewa. Jera na ranar farko kusa da na ƙarshe ka duba da kanka. Sannan ka zaɓi uku ko huɗu ka kai wa wanda ya san abin da ka zana, ba wanda ya san zane ba: dokin ka nuna wa mai kula da barga, rigar ka nuna wa maɗinki, amalanken ka nuna wa mai shanu. Zai ce maka ba haka ake ɗaura majayi ba, ko wannan askar ta yi gajarta, ka ce na gode Baba, ka gyara. Daga nan sai ka rage gudu zuwa abin da za ka iya ɗauka tare da karatunka da aikin gida. Tun 2020 masu Inktober ɗin suna fitar da kalma ɗaya kowane mako har shekara ta zagayo, kana iya bin wannan, ko ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa ku riƙa ba juna kalma da Hausa kowace Juma'a.