Ɗan Kwikwiyo a Bakin Kubanni

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da waɗansu za su ce bai isa shiga jaridar ekklesiya ba, wato ɗan kwikwiyo. Gidajen masu bi da yawa a Tudun Wada da Sabon Gari da Wusasa suna kiwon kare domin gadi. Samarinmu kuma sun koyi fita da shi shan iska ran Asabar, waɗansu zuwa gindin dutsen Kufena, waɗansu har bakin madatsar ruwa ta Kubanni a Samaru, wadda aka gina a 1973 domin Jami'ar Ahmadu Bello ta sami ruwan sha. Ba mu hana ba. Gwamma yaro ya yini yana duban aikin Mahalicci da ya yini a bakin tasha. Amma wanda ya riƙe igiyar dabba ya ɗauki amana, za a kuwa tambaye shi.

Misalai 12:10 ta koya mana ana gane mai adalci ta wurin yadda yake lura da ran dabbarsa. Dokar ranar hutu, cikin Kubawar Shari'a 5:14, ta haɗa har da sa da jaki. Alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tufana, ba da Nuhu kaɗai ya yi shi ba, har da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. In Ubangiji ya tuna da su, mu su wane ne da za mu rena su?

To, ku lura. Kwikwiyo mai wata uku ko huɗu ƙasusuwansa ba su yi ƙwari ba tukuna. Bai kuwa san iyakar ƙarfinsa ba, zai yi ta bin ubangidansa har ya faɗi. Daga Tudun Wada zuwa Samaru ba tafiyar ƙafarsa ba ce. A fara da zagayen unguwa, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai dai ya zaro harshe yana haki, saboda haka zafin bazara yana iya kashe shi. Yashin da ya ƙona tafin hannunka zai ƙona ƙafarsa. A fita da sassafe ko bayan la'asar, a riƙe masa ruwa a gora, in an komo gida a duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. Yaron da ke ɗaure kwikwiyo a bayan keke yana ja, wannan mugunta ce, ko da dariya yake yi.

Babbar magana ita ce igiya. Bakin ruwa ba namu ba ne mu kaɗai. Fulani suna kawo shanu su sha, masu lambu suna da tumatir da albasa a fadama, mata suna wanki, yara suna wasa. Kwikwiyon da aka saka zai kori maraƙi, ya tattake shukar da mutum ya yi wata guda yana ba ta ruwa. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa kuma ba su son kare ya lashi tufafinsu ko butarsu, balle mai shirin salla. A Tudun Wada katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Manzo Bulus ya gargaɗi Romawa, cikin sura 12, su yi iyakar abin da ke hannunsu domin zaman lafiya da kowa. Dattawan da suka ga watan Maris na 1987 a Zariya sun san tamanin wannan gargaɗi. Faɗan da ya soma a kan kare ba lalle ya ƙare a kan kare ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A tsakar gida kwikwiyo zai koyi sunansa, ya san muryar mai kiransa, ya saba da igiya a wuya, da lallashi da ɗan abinci, ba da bulala ba. Wanda aka horar da duka, tsoro ya koya, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo. Iyaye da malaman makarantar Lahadi, mun san kun gane inda wannan magana ta nufa.

Saura haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan 4 cikin 10 kuwa yara ne. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma Allah ya ba da ilimin riga-kafi: a 1885, a ƙasar Faransa, Louis Pasteur ya yi wa wani yaro mai shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. Mu a Zariya ba mu da hujja, gama akwai asibitin dabbobi na jami'a a Samaru. Kwikwiyo ya cika wata uku, a kai shi a yi masa allura, a ajiye takardar, a riƙa sabuntawa yadda likita ya faɗa. Kafin wannan kada a fita da shi inda karnukan farauta da na juji suke yawo.

In kuwa karenka ya ciji ɗan wani, kada ka ɓoye shi, kada ka tsaya gardama. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai yaron asibiti a ranar nan. Ka ɗaure karen kwana 10 ana dubansa, ka nuna takardar allurarsa, kuɗin magani kuma daga aljihunka zai fito.