Ranar da Bali Ke Rufe Hanyoyinta: Me Kuɗin Baƙo Ke Saya?

Bali ƙaramin tsibiri ne a Indonesiya, mazaunansa sun ɗan haura miliyan 4, amma a shekarar 2019 kaɗai baƙi fiye da miliyan 6 ne suka sauka a cikinsa daga ƙasashen waje domin yawon buɗe ido. Babu jirgin ƙasa a tsibirin, motocin bas na haya kuma ba su wadata ba. Saboda haka baƙon da ke son zagayawa yakan ɗauki hayar babur ya tuƙa kansa, ko ya yi jinga da direba na yini guda, ko ya kira ɗan acaɓa ta manhajar Grab ko Gojek. Hanyoyin ƙanana ne, sun ratsa gonakin shinkafa da tsakiyar ƙauyuka, an shata su tun kafin a san za a yi irin wannan cunkoso. A ƙarshen watan Disamba na 2023 cunkoson ya kai har matafiya suka sauka daga motoci suka ja akwatunansu a ƙafa zuwa filin jirgin sama na Ngurah Rai, don kada jirgi ya tashi ya bar su. Kaso mai yawa na tattalin arzikin tsibirin ya jingina ne da wannan kai-komo na baƙi, daga bakin teku a Kuta da Canggu zuwa tuddan Ubud.

Sai dai akwai yini guda a kowace shekara da duk wannan motsi ke tsayawa cak. Ranar Nyepi ce, sabuwar shekarar mabiya addinin Hindu na Bali bisa kalandar Saka, wadda galibi ke faɗowa a watan Maris. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 6 na safiyar washegari ba a kunna wuta, ba a aiki, ba a tafiya, ba a shagali. Filin jirgin sama yana rufewa na awa 24, tashoshin jiragen ruwa irin su Gilimanuk da Padangbai ma haka, kuma tun 2018 ake katse intanet na wayar hannu. Masu gadin gargajiya da ake kira pecalang su ne kawai ke sintiri a tituna, sai motar asibiti idan larura ta taso. Dokar ba ta ware baƙo ba. Wanda ya biya kuɗin jirgi daga Turai ko Ostareliya zai zauna cikin harabar otal ɗinsa, da dare kuma ya ja labule don kada haske ya fita. A 2023 an tasa ƙeyar wasu baƙi biyu 'yan Foland zuwa ƙasarsu bayan an same su a bakin teku a wannan rana sun yi gardama da masu gadi.

Tambayar da wannan ke jawowa ta wuce Bali. Mutum ya biya kuɗi, ya sami biza, bai yi imani da abin da masu gari suka yi imani da shi ba, to da wane dalili za a tsare masa ƙafa saboda ibadar wasu? Ra'ayina shi ne mutanen Bali suna da gaskiya a nan, kuma baƙon da ya bi dokar, ko da Musulmi ne mai kishin aƙidarsa, bai yi asarar komai na addininsa ba. Hasali ma ya sauke wani nauyi ne da addininsa ya ɗora masa. Kuɗin baƙo yana saya masa ɗaki da abinci da man babur da lokacin direba. Hanyar da yake bi kuwa ba ta cikin cinikin, domin ba a taɓa sa ta a kasuwa ba. Ta masu gari ce, shi kuma yana bin ta ne bisa izini da amana.

A Bali wannan magana tana bayyana ƙarara, domin hanya a wurinsu wurin rayuwa ce kafin ta zama wurin wucewa. Kowace safiya mata suna ajiye ƙananan kwanduna na ganyen kwakwa masu furanni da turare a bakin ƙofa da gefen titi, ana kiransu canang sari. Kwanaki kaɗan kafin Nyepi, ƙauyuka kan fito cikin fararen kaya su yi jerin gwano zuwa teku domin bikin Melasti, kuma idan za a ƙona gawa, dukan unguwa ce ke ɗaukar makara mai tsawo ta cika titi. Baƙon da ke kan babur yana ganin waɗannan a matsayin abin da ya tare masa hanya, alhali shi ne ya shigo tsakiyar sha'anin mutane. Musulunci ya daɗe da koyar da cewa hanya tana da haƙƙi. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai kan zama a bakin hanya, da suka ce ba su da makawa sai ya sharɗanta musu runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Idan ɗan gari da ke zaune a bakin hanyar garinsu yana ɗauke da wannan nauyi, wanda ya ƙetaro teku ya hau hanyar wasu ya fi cancantar ɗaukarsa. Gudu ba hular kwano, tuƙi ba lasisi, da danna ham a tsakiyar masu rakiyar gawa, duk cuta ce da aka umarce shi ya kame. Irin wannan hali ne ya sa a watan Maris na 2023 gwamnan Bali, Wayan Koster, ya kawo shawarar hana baƙi ɗaukar hayar babur gaba ɗaya.

Bayan haƙƙin hanya, hujja ta biyu ita ce alƙawari. Malaman fiƙihu na farko, irin su Imam Muhammad al-Shaibani almajirin Abu Hanifa, sun yi bayani mai tsawo kan Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amincewarsu. Hukuncin da suka tsayar shi ne cewa tunda sun ba shi aminci a kan ransa da dukiyarsa, shi ma ya ɗaure kansa da kada ya yaudare su ko ya cutar da su. Malamai da yawa na wannan zamani suna ɗaukar biza a matsayin irin wannan amana. Wanda ya miƙa fasfo aka buga masa hatimi ya yarda ke nan zai bi dokokin wurin muddin ba su tilasta masa saɓon Allah ba, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawura. Babu wanda ya ɓoye wa baƙo ranar Nyepi. Tana cikin kalandar hutun ƙasar, kamfanonin jiragen sama ba sa sayar da tikitin sauka a ranar, otal-otal kuma suna sanar da masu zuwa. Wanda ya zo da sani sannan ya fita yawo ya warware abin da ya ƙulla da hannunsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi a zuciyar Musulmi shi ne na aƙida. Zai ce, idan na kashe fitila na zauna shiru a ranar da mabiya wani addini suka tsarkake, ban yi tarayya da su a cikin bautarsu ba? Wannan tsoro ne mai asali, bai kamata a yi masa dariya ba. Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin yin ibada da barin mai ibada ya yi abinsa. Aiki yana tafiya ne da niyya. Bahindun Bali yana zama shiru domin tsarkake kansa da tsibirinsa bisa abin da ya gaskata, shi kuwa Musulmin da ke ɗakin otal yana zaune ne domin cika alƙawari da kare haƙƙin maƙwabci, kuma babu mai hana shi salla ko karatun Alƙur'ani a ɗakinsa. Musulmin Bali kansu, waɗanda suka kai kusan kashi 10 cikin 100 na jama'ar tsibirin, sun nuna yadda ake yi. A 2023 Nyepi ta faɗo ranar 22 ga Maris, daidai da daren farko na tarawihi, sai aka daidaita a kan su yi salla a gida ko su taka a ƙafa zuwa masallaci mafi kusa, ba lasifika, ba haske mai yawa. Azumi bai ragu ba, salla ba ta ɓaci ba. Hausawa kan ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. A sha'anin addini Musulmi ba zai kai nan ba, ba zai ajiye kwandon furanni ko ya rusuna wa gunki ba. Abin da ake nema daga gare shi ya fi haka sauƙi, wato kada ya taka na wasu. Aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, kuma wulaƙanci da aiki ya fi zagi da baki ciwo. Ko hani da mummuna da ke cikin haƙƙin hanya yana da sharuɗɗa na sani da iko da duban abin da zai biyo baya, kuma baƙon mako guda da bai san harshen gari ba da wuya ya cika su.

Wani kuma zai zo ta ɓangaren kuɗi. Zai ce ai mutanen Bali da kansu suke sayar da al'adarsu, suna karɓar kuɗin shiga wuraren bauta, suna rawar gargajiya ga mai tikiti, tun daga Fabrairu 2024 ma kowane baƙo yana biyan harajin rupiya 150,000. Wanda ya buɗe kasuwa da me zai yi fushi da mai saye? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kwaɗayin kuɗin baƙi ya cinye gonakin shinkafa da yawa ya mai da su otal. Amma idan aka duba da kyau, wannan hujja tana ƙarfafa matsayin masu gari ne. Al'ummar da cinta da shanta suka dogara da saukar jirage, sannan ta yarda ta rufe filin jirginta na yini guda kowace shekara, ta faɗa da babbar murya cewa akwai abin da ba ta sayarwa. Mai kaya shi ke da ikon cewa wannan na sayarwa ne, wancan ba na sayarwa ba ne. Sayen tikitin shiga haikalin Besakih bai ba baƙo damar shiga ba tare da ɗaura zane ba, kuma bai ba shi damar tuɓewa ya ɗauki hoto a kan dutsen Agung ba, kamar yadda wani baƙo ya yi a 2023 aka kore shi daga ƙasar. Mu Musulmi mun fi kowa sanin wannan ƙa'ida, domin babu adadin kuɗin da zai shigar da wanda ba Musulmi ba cikin Makka, kuma a Kano ko Zariya idan sahun sallar Juma'a ya cika titi, kowane mai mota jira yake yi ko ya sake hanya. Wanda yake son a girmama masa wannan, adalci ya wajabta masa ya fahimci na Bali.

Saura ƙorafi na uku, wanda ba zan ce na kawar da shi gaba ɗaya ba. Idan aka ba masu rinjaye ikon rufe hanya da sunan addini, ina iyakar ikon? A wannan Nyepi ta 2023 an sami saɓani a ƙauyen Sumberklampok na gundumar Buleleng, inda wasu mazauna Musulmi suka buɗe shingen hanyar bakin teku, maganar har ta kai kotu. Wannan ya nuna zaman taren ba kullum yake tafiya sumul ba. Amma ɗan ƙasa da baƙo matsayinsu ya bambanta. Ɗan ƙasa yana da haƙƙin ya yi jayayya kan dokar garinsu, domin a nan zai rayu, a nan za a binne shi. Ɗan yawon buɗe ido kuwa shi ya zaɓi wurin, shi ya zaɓi ranar, kuma zai iya matsar da tafiyarsa da kwana biyu. Sannan dokar da ta cancanci biyayya tana da alamomi: lokacinta ƙayyadajje ne, an sanar da ita tun da wuri, tana hawa kan mai gari kafin baƙo, ta bar ƙofa ga mara lafiya da mai naƙuda, kuma ba ta tilasta wa kowa furta abin da bai gaskata ba. Nyepi ta cika waɗannan. Da za ta ce dole baƙo ya yi sujada a haikali, da hukuncin ya juya, kuma ƙin bi ne zai zama wajibi.

Akwai ribar da baƙon kansa ke samu, wadda gaggawa ke hana shi gani. Alƙur'ani ya yi kira a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa domin a duba a ɗauki darasi, kuma darasi ba ya samuwa ga wanda duk hankalinsa ke kan isa wuri na gaba. Wanda ya kashe babur ya jira jerin gwano ya wuce zai ga yadda unguwa guda ke haɗa ƙarfi ta ɗauki nauyin mamacinta. Wanda ya zauna da direbansa ya tambaye shi zai ji labarin subak, tsarin rabon ruwan gonaki da manoman Bali suka riƙe shekaru aru-aru, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Zai iya komawa gida yana nan kan aƙidarsa daram, amma ya ƙaru da sanin yadda wasu bayin Allah ke tsara zamansu.

Sunna ta sanya wa baƙunci kwana 3, ta kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Yawon buɗe ido na zamani ya sa mutane sun manta da rabin wannan koyarwa, suna tuna haƙƙin baƙo suna mance nauyin da ke kansa, saboda akwai rasit a hannunsu. Duk mai niyyar zagaya Bali, ko Zanzibar a watan Ramadan, ko wani tsibiri da mutanensa ke da ranaku da wuraren da suke girmamawa, ya kamata ya duba kalandarsu kafin ya sayi tikiti, ya nemi lasisi da hular kwano kafin ya hau babur, ya rufe jikinsa inda suke rufewa, ya kuma tsaya inda suka ce a tsaya. Idan ya ga ba zai iya ba, ya nemi wani wurin ko wani lokacin, domin zuwansa ganin dama ne, su kuwa nan ne gidansu.