Alhakin Ƙofar da Aka Bari a Buɗe

Manhajar kiran waya ta intanet takan ware wa saƙon da ke shigowa wani gurbi mai iyaka a ƙwaƙwalwar na'ura. Idan marubucin manhajar bai sa ta auna tsawon saƙon ba, abin da ya wuce kima sai ya malala zuwa gurbin da ke makwabtaka, kuma ta nan ɗan kutse kan cusa umarninsa. Haka ta faru da WhatsApp a watan Mayun 2019: ana kiran mutum, ko bai ɗauka ba, manhajar leƙen asiri ta shige wayarsa. Kamfanin ya ce an kai wa kusan mutum 1,400 hari, ya kuma maka kamfanin NSO na Isra'ila, wanda ya zarga da hannu a harin, a kotun Amurka.

To, alhakin yana wuyan wa? Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi. Idan wani ya haƙa rijiya, wani kuma ya tura mutum ciki da gangan, galibi mai turawar ake kamawa. Bisa wannan ma'auni, kaso mafi nauyi na ɗan kutse ne.

Amma sanadi ba ya kuɓuta idan akwai sakaci. An san irin wannan aibi tun tsutsar Morris, wata manhajar ɓarna da ta bazu a intanet a 1988, an kuma san maganinsa. Wanda ya karɓi amanar hirar miji da mata, ko ta ɗan jarida da majiyarsa, bincike ya wajaba a kansa. Kuskuren da ya sulluɓe bayan ƙoƙari abin uzuri ne. Wanda aka gano aka ɓoye wa masu amfani kuwa ya shiga babin algus.